Ina Za Mu Ajiye Kibiya a Wikipedia?

 Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Rano ya san masu hatsi na da layinsu, masu kayan miya na da nasu. Da kowa zai baje kayansa inda ya ga dama, da mai saye ya wuni yana yawo. Haka Wikipedia ta Hausa take. Layukanta su ake kira rukuni, kuma a ƙasan maƙala ake ganin su. Maƙalar da ba ta da rukuni takan ɓace wa mai nema, komai kyanta.

Mu ɗauki Kibiya. Sunan ƙaramar hukuma ne a kudancin Kano, kuma sunan abin da maharbi ke ɗana wa baka. Maƙalar ƙaramar hukumar gidanta rukunin ƙananan hukumomin Jihar Kano, tare da sauran 43. Ta maharbi kuwa sai rukunin makamai.

Rano ta fi wuya. Ƙaramar hukuma ce, tana cikin Hausa Bakwai, kuma masarauta ce da aka ɗaga darajarta a 2019, aka rushe a 2024, sannan aka maido ta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Saboda haka maƙala ɗaya tana iya shiga rukuni fiye da ɗaya, muddin kowanne ya dace da ita.

Ga abubuwa biyu da za mu kiyaye. Na farko, mu zaɓi rukuni mafi kusa. Kada mu jefa Kibiya kai tsaye cikin rukunin Najeriya, domin na ƙananan hukumomin Kano yana ƙarƙashin na jihar, na jihar kuma yana ƙarƙashin na ƙasa. Na biyu, mu duba kafin mu ƙirƙiri sabo. A wurin kwamfuta, "Kananan" da "Ƙananan" sunaye biyu ne daban. Rashin ƙugiya ɗaya kan raba maƙaloli gida biyu, mai karatu ya ga rabi ya zaci ya ga duka.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya buɗe maƙalar garinsu, ya gangara ƙasa ya ga layin da aka sa ta. In ba daidai ba ne, ƙofar gyara a buɗe take. Sai mako mai zuwa.