A Koya Mana Farautar Ƙwaro

A ganinmu, bai kamata darasin kwamfuta ya tsaya kan kwafar abin da ke allo ba. Muna so a riƙa ba mu manhaja mai kuskure, mu nemo inda ta karkace.

Ga misali. A Python, ka jera amfanin gonarmu na Funtua da Malumfashi: masara, dawa, auduga. Ka nemi na 1, sai kwamfuta ta kawo maka dawa! Ba aljanu ba ne. Ita daga 0 take fara ƙirga, don haka masara ce 0. Haka in aka rubuta "idan maki ya wuce 40, an ci", mai 40 cif ya faɗi, ya tafi gida da hawaye ba laifinsa.

Masana na kiran irin wannan kuskure ƙwaro. A 1947 ma an ciro ƙwaron gaske daga wata kwamfuta a Jami'ar Harvard, Amurka.

Malamanmu, wannan aikin ko babu wuta ana yin sa. A rubuta mana a takarda, mu bi layi-layi da fensir. Muna roƙon a sa shi cikin gwajin wannan zangon, a kuma ba shi maki.