Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A unguwanni da yawa na garuruwanmu akwai ginin da ake kira ɗakin taro. A wani wuri ƙaramar hukuma ce ta gina shi, a wani wuri kuwa jama'a ne suka yi karo-karo. Irin waɗannan ɗakuna da dama sun tsufa, har da na unguwarmu, inda yanzu ake muhawara ko a gyara shi, ko a yanka shi kantuna a ba da haya, ko kuwa a rushe. Ni a ganina kada a taɓa ko bulo ɗaya sai an ji ta bakin mutanen unguwa gaba ɗaya.

Abin da ya sa na faɗi haka shi ne, ƙasarmu ta ga ƙarshen ginin da aka yi wa mutane daga sama. A shekarar 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, aka buɗe cibiyoyin koya wa mata sana'a a ƙananan hukumomi. Niyyar mai kyau ce, amma da gwamnati ta sauya, da yawa daga cikinsu sai suka zama kufai. Masallacin unguwa kuwa, wanda jama'a suka yanke shawarar ginawa da aikin gayya, da wuya ka ga an bar shi yana zuba. Abin da mutum ya zaɓa da bakinsa, shi yake tattali.

To, amma yaya muke yin shawara? Mai unguwa yakan kira taro bayan la'asar, dattawa da masu hali su hallara, a yi magana, a shafa fatiha. Matan aure suna cikin gida, ɗan kasuwa yana rumfarsa, lebura bai taso daga aiki ba, makaho da gurgu ba wanda ya tuna da su. Saurayi ko ya je ba zai buɗe baki gaban sa'o'in mahaifinsa ba. Wannan ladabi ne, amma shirunsa ba ya nufin ya yarda. Alhali kuwa waɗannan da ba a ji ba su ne suka fi bukatar ɗakin. Wata uwa tana son ajin yaƙi da jahilci kusa da gida, irin azuzuwan da Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano ta yaɗa bayan kafa ta a 1980. Mu ɗalibai muna son wurin bita mai fitila kafin jarrabawa.

Saboda haka ga shawarata. Mai unguwa da liman su kafa ɗan kwamiti wanda zai ƙunshi mata da matasa. Sa'an nan a ba mu aikin bin gida gida lokacin hutu, samari su tambayi magidanta a zaure, 'yan mata su shiga wurin iyayenmu mata, tun da su ba a hana su shiga. Tambaya uku ta isa. Me kake so a riƙa yi a ɗakin? Wane lokaci za ka iya zuwa? Me za ka bayar, kuɗi ko ƙarfi ko koyarwa? A rubuta amsar kowa, a ƙidaya, a karanta sakamakon a bainar jama'a, kana a miƙa wa kansila a rubuce.

Na san wasu za su ce ai kowa da ra'ayinsa, in aka biye wa mutane ba za a gama ba. Amsa ita ce, yanke hukunci yana nan a hannun manya, sai dai za su yanke shi da sani, kuma mako biyu na tambaya bai kai asarar ginin da ba mai shiga ba. Wasu kuma za su ce a tura tambayoyin ta WhatsApp a huta. Wannan zai taimaka, amma kakata ba ta da babbar waya, kuma ita ma 'yar unguwa ce.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu su ba mu izini, su kuma amsa mana in mun yi sallama. 'Yan'uwana ɗalibai, mu ma kada mu ce wannan maganar manya ce, domin in aka ba da ɗakin haya, sake samun fili a tsakiyar unguwa sai an sha wuya, kuma mu ne za mu daɗe muna cizon yatsa. Allah ya sa mu dace, amin.