Katin da Ke Tsakanin Tsohon Ɗan Sanda da Gidan Yari

Daga birnin Philadelphia zuwa Camden tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Da an hau gadar Benjamin Franklin an tsallake kogin Delaware, an bar jihar Pennsylvania ke nan, an shiga New Jersey. Mai zuwa cefane ko gaida jikoki ba ya ma lura. Amma tsohon ɗan sandan da ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu, ya rufe ta da riga, shi ya san a tsakiyar gadar nan doka take sauya masa. Abin da aka halatta masa a wannan gaɓa yana iya kai shi gaban alƙali a waccan.

Dalili kuwa shi ne Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin ta Najeriya. Hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne, na birane da gundumomi da jihohi da tarayya, kuma kowace jiha cikin 50 da tata dokar riƙe bindiga. Don a raba tsofaffin jami'ai da wannan ruɗani ne Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar kare lafiyar jami'an tsaro ranar 22 ga Yuli, 2004. Sunanta a taƙaice LEOSA, ko da yake su 'yan sandan sun fi kiranta H.R. 218, lambar da ta ɗauka a Majalisar Wakilai. Ta ba jami'in da ke bakin aiki, da wanda ya ajiye aiki, damar ɗaukar bindiga a ɓoye a ko'ina cikin ƙasar ba tare da neman lasisin kowace jiha ba.

Hujjar dokar mai ƙarfi ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sa wa 'yan fashi da dillalan ƙwaya ankwa, yana tsayawa a kotu yana ba da shaida a kansu, ranar da ya cire kaki gabar ba ta bin kakin. Waɗanda ya ɗaure za su fito, kuma sun san fuskarsa. Masu goyon bayan dokar suna ƙarawa da cewa jama'a ma suna amfana da horarren mutum a kusa da su. A watan Mayun 2022, lokacin da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 10 a kantin Tops da ke Buffalo, wanda ya tunkare shi da harbi shi ne Aaron Salter, tsohon ɗan sandan birnin da ke gadin kantin. Rigar sulken maharin ta tare harsashin, Salter kuma ya rasa ransa a wurin.

Sharuɗɗan ma ba na wasa ba ne. Dole mutum ya rabu da aikinsa lafiya, ba korar kare ba. Dole ya yi aƙalla shekara 10 (da farko 15 ne, gyaran 2010 ya rage), sai dai in rauni a bakin aiki ne ya sallame shi. Kada likitan hukumarsa ya taɓa yanke cewa lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba, kada ya kasance cikin maye, kada dokar tarayya ta haramta masa mallakar makami. Sannan a cikin kowane wata 12 sai ya je filin harbi, da kuɗin aljihunsa, ya ci jarrabawar da ake yi wa jami'an da ke aiki. Duk inda zai sa ƙafa, katin shaida mai hoto daga tsohuwar hukumarsa da takardar cin jarrabawar su kasance a jikinsa.

A nan gizo ke saƙar. Majalisa ta yi alkawarin, amma ta bar makullin a hannun wasu. Babu inda dokar ta tilasta wa wata hukuma ta ba da katin nan, kuma in babu kati babu kariya, ko da mutum ya yi shekara talatin ba tabo. Wasu tsofaffin gandirebobi a birnin Washington sun nemi hukumarsu ta tabbatar da aikin da suka yi, aka hana su, suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin ta ba su gaskiya a 2016. A 2019 wata tsohuwar 'yar sandan Neptune Beach a Florida ta kai kuka makamancin wannan, kotun ɗaukaka ƙara ta yankinta ta ce dokar ba ta ba ta hurumin tilasta wa birnin ya ba ta kati ba. A 2020 aka yanke irin wannan hukunci a wata shari'a daga Maryland. Doka ɗaya, ƙasa ɗaya, amma rabon mutum ya dogara ga garin da ya yi aiki da kuma ra'ayin shugaban da ya gaji ofishin. Jami'in da ya taɓa tona asirin na gaba da shi yana da dalilin jin tsoron irin wannan tsari.

Wanda ya samu katin ma bai huta ba. New Jersey ta daɗe tana buƙatar tsofaffin jami'an da ke zaune a cikinta su nemi izininta na daban, su yi jarrabawa sau biyu a shekara, kada su wuce shekara 75, ta kuma hana su harsashi mai rami a baki, wanda 'yan sanda suka fi so don ba ya yawan ratsa jiki ya sami na baya. Sai a Fabrairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa dokar tarayya ce a sama. Duk da haka LEOSA ba ta ce komai ba kan gidan harsashi. Bindigar Glock 17, da 'yan sanda da yawa suka saba da ita, tana cin harsashi 17, alhali New York da New Jersey da Kalifoniya sun tsaya a 10. Wata dokar tarayya ta 1990 kuma ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, wato kimanin mita 300, ta ware mai lasisin jihar da makarantar take, amma ba ta ware mai katin LEOSA ba. A cikin gari, wane direba ne zai iya kauce wa kowace makaranta? Mai shago yana da ikon hanawa, jiha tana da ikon hanawa a gine-ginenta, a jirgin sama kuwa sai an cire harsasai, an kulle bindigar a akwati mai ƙarfi, an sanar da ma'aikata, ta tafi cikin kaya.

Ɗan majalisa Don Bacon na Nebraska ya kawo ƙudurin gyara, Majalisar Wakilai ta amince da shi a Mayun 2024. Yana warware batun makarantu da gidan harsashi, kuma wannan daidai ne, don bai dace tsohon jami'i ya zama mai laifi saboda ya bi titin da bai san akwai firamare a gefensa ba.

Sai dai ƙudurin ya ɗauko wani abu da bai kamata ya wuce ba: yana ba jihohi damar tsawaita lokacin jarrabawa daga wata 12 zuwa 36. Ido da hannun ɗan shekara 70 suna sauyawa sosai a cikin shekara uku. Jarrabawar ta yanzu ma saiti kawai take aunawa. Dokar ba ta sa a sake duba lafiyar ƙwaƙwalwa ba, ba ta kuma sa a tambayi mutum ko ya gane cewa yanzu farar hula ne, ba shi da ikon kama mutum irin na ɗan sanda, kuma in ya yi harbi dokar kare kai ta jihar da yake tsaye ce za ta yi masa hukunci. A Agustan 2023 wani sajan mai ritaya daga Ventura ya bi matarsa da suke shirin rabuwa zuwa wata mashaya a gundumar Orange ta Kalifoniya, ya kashe mutum 3. Irin wannan ba yawa, kuma zalunci ne a shafa wa dubban dattawa kashin kaji saboda shi. Amma ya isa ya nuna cewa kakin jiya ba ya tsaya wa mutum shaida har abada.

Abin da ya kamaci 'yan majalisa shi ne su fara gyara ƙofa kafin su faɗaɗa fili. A fitar da ma'auni ɗaya na jarrabawa ga ƙasa baki ɗaya, a sa dokokin kare kai a cikinta, a bar ta shekara-shekara. Tun da kotuna ba sa yarda tarayya ta mai da hukumomin jihohi 'yan aikenta, to wata hukumar tarayya ta ɗauki nauyin duba takardun wanda aka hana kati, ta ba shi in ya cancanta, ta rubuta masa dalili in bai cancanta ba. Kafin a kai nan, tsohon ɗan sandan Philadelphia da zai je gaida jikokinsa a Camden zai ci gaba da tsayawa kafin gada, ya ajiye gidan harsashi mai 17 ya ɗauki mai 10, ya sake lalubar aljihu ya duba ranar da ke jikin takardarsa.