Doka ta ba ka lauya, amma lauyan yana Yamai

Akwai wata doka da ta shafi kowane ɗan Nijar, amma da wuya ka sami mutum guda a fada ko a tasha da ya san da ita. A ranar 25 ga Satumba 2014 ministocin ƙasashe takwas na UEMOA suka amince da ƙa'ida ɗaya ta aikin lauya. Sashe na 5 na wannan ƙa'ida ya ce lauya yana da ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a komisariya ko wajen jandarma, kafin ma a kai shi gaban alƙali. Mun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma muna nan cikin UEMOA, don haka dokar tana aiki a kanmu.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa komisariya ya san abin da wannan ke nufi. Tsarewar farko awa 48 ce, ana iya sabunta ta. A cikin waɗannan awowi ne ake rubuta takardar bayani da Faransanci, a miƙa wa mutumin da bai yi lakwal ba ya dangwala yatsa. Daga baya alƙali kan wannan takarda zai dogara. Mutum ya ce "na karɓi kuɗin ajiya", a takarda ta zama "na ɗauki kuɗin". Shari'a da dama a nan take lalacewa, tun kafin a ga ƙofar kotu.

To ina lauyan? Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai ofisoshinsu suke. Daga Yamai zuwa Maraɗi fiye da kilomita 600 ne, zuwa Damagaram kusan 900. Wanda aka kama a Dakoro ko Tanut, in ma danginsa sun san lambar wani lauya, sai sun biya kuɗin mota da masauki kafin a zo maganar kuɗin aiki. Kafin ya iso an gama rubutu, an dangwala.

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire hukuncin kaso kan ɓata suna da zagi ta waya. A ranar 7 ga Yuni 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Yaɗa abin da aka ga zai iya tayar da hankalin jama'a kuwa shekara 2 zuwa 5 ne. Mutane suna ɗauka wannan rigimar ƴan jarida ce. Ni da nake tsaye gaban allo kullum na san su wa ke tura saƙon murya a WhatsApp ba tare da sun saurare shi har ƙarshe ba: ɗalibanmu ne, da iyayensu, da mu malamai ma a zaurukanmu. Ana iya yarda da dokar, ana iya ƙin ta, kuma ni ina ganin zagin da ake yi a waya ya wuce gona da iri. Amma in an tsananta hukunci, dole a sauƙaƙa hanyar kare kai, in ba haka ba talaka ne kawai zai ɗanɗana kuɗarsa.

A Agustan 2025 lauyoyi suka ajiye aiki kwana biyu saboda rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan shari'a. Suna da hujjarsu, kuma kare ƴancin alƙali aikinsu ne. Sai dai a garuruwanmu na karkara ba wanda ya ji an yi yajin aiki, don ranar da suke aiki ma ba a ganin su. Wannan ya kamata ya dami shugabannin ƙungiyar lauyoyi.

Ban ɗora musu laifin duka ba. Mutum ya yi shekaru a jami'a, ya ci jarrabawar shiga aikin, ya yi shekara 3 yana koyo ƙarƙashin wani babban lauya, sannan a ce ya buɗe ofis inda ƙarar da ta fi yawa ta iyakar gona ce da gado da ɓarnar dabbobi, masu ƙarar kuma ba su da abin biya sai bayan kaka. Bankuna da kamfanoni a Yamai suke, nan abincinsa yake. Mu malamai da likitoci ma ba don son ranmu muke zuwa daji ba, takardar gwamnati ce ke tura mu, albashi kuma ya biyo mu. Lauya ba shi da albashi.

Gwamnati ta san da wannan giɓi. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, kuma akwai mutanen da ake naɗawa su kare wanda ake tuhuma inda babu lauya. Da yawansu mutanen kirki ne, amma ba wanda zai ce ƙwarewarsu ɗaya da ta wanda ya yi wannan sana'a.

Abin da nake ganin zai yiwu ba tare da jiran dogon taro ba shi ne, a cikin shekaru ukun koyon nan a wajabta wa kowane sabon lauya ya yi wasu watanni a babbar kotun wata jiha, ANAJJ ta ɗauki nauyin masaukinsa da alawus. Jami'ar Tawa tana yaye masu karatun shari'a kowace shekara, da yawa suna zaune a gida. A horar da su su zama masu amsa kira a komisariya.

Sai maganar harshe. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a fara daga nan: a rubuta sashe na 5 da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a manna a ƙofar kowace komisariya, a karanta shi a rediyoyin karkara, kuma a tilasta wa mai ɗaukar bayani ya karanta wa mutum abin da aka rubuta da harshen da yake ji kafin ya sa yatsa.