Wa zai auna mana dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa?

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinare ne ke kai duwatsu gida ana dakawa, ba tare da sanin cewa akwai dalma a cikinsu ba. Da masanin sinadaran duwatsu ya auna su tun farko, da an gane hatsarin.

Yau hankali ya koma kan litiyam a Nasarawa da man Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe. Sai dai farashin ma'adini yana rataye ne a kan sakamakon awo. Ɗan kasuwar da ba shi da amintaccen ɗakin gwaji a kusa, abin da mai saye ya faɗa shi zai karɓa.

Horar da irin waɗannan masana yana buƙatar karatun digiri na uku. Asusun PTDF yana ɗaukar nauyin wasu, amma TETFund ya dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, saboda tsadar canji da ƙin dawowar wasunsu. Nauyin ya dawo kan sassan ilimin duwatsu na gida, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos.

Saboda haka kuɗin da aka rage daga karatun waje ya kamata ya tafi ga injinan awo da tsayayyar wutar lantarki a waɗannan sassa. In ba haka ba, za mu ci gaba da sayar da dutse ba mu san nawa yake ba.