Wanda, Wanda, Wanda: Nahawu Ne Ko Salo?

Akwai gardamar da ta daɗe tsakaninmu marubuta da masu duba mana rubutu kafin a kai maɗaba'a, wato maimaita "wanda" a jimla guda. Su dai da sun ga biyu sai su soke ɗaya, wai kuskure ne. Ni kuwa na ce ba kuskure ba ne, zaɓi ne.

Ko a Turanci haka abin yake. In ka ce "the man who came and who sat" daidai ne, in ka jefar da "who" na biyu ma daidai ne. Nahawu ya yarda da duka biyun, kunne ke zaɓe.

Hausa ma ta fi sauƙi, don alamar tana jikin wakilin suna. A nan Araba, ko ka tsallaka Ƙonni, za ka ji an ce "yaron da yaz zo yac ci yat tahi", ko "waɗanda sunka zo". Bakano kuma ya ce "suka zo". Wannan "yaz" da "sunka" sun riga sun ɗaure zancen, ba dole sai an sake "wanda" ba. Amma in uwa tana yi wa ɗanta faɗa a labari, ta ce, "Ni wadda na haife ka, wadda na goya ka, wadda na hana idona barci," to soke biyun ka gani. Nahawu bai karye ba, amma zafin maganar ya tafi.

Inda kuskuren yake, can ne ba a dubawa. Na farko, a ce "yarinya wanda", alhali mace "wadda" ce, jam'i "waɗanda". Na biyu, a riƙa jona jimla da "wanda hakan ya sa" har shafi ya ƙare. Wannan "which" ce ta Bature aka sa wa hula.

Tun gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ke riƙe mai karatu shi ne zancen da ya yi kama da na baki. An kira namu adabin kasuwa, mun ji. To mai saye da kunne yake karatu.

Don haka mai gyara, gyara min jinsi da adadi, na gode. Amma kafin ka soke "wadda" ta uku, karanta jimlar da ƙarfi tukuna.