Bakin Tekun Mutumin Dilimi

Jama'a, duk mutumin Dilimi da ya ƙudura zuwa bakin teku a hutun Asabar da Lahadi, sai ya fara yin lissafi. Daga Jos zuwa Ikko tafiyar yini guda ce cur a mota, dawowa ma haka. Ke nan hutun ya ƙare a hanya. Bar Beach ɗin da ake ba da labari kuwa tuni aka cike shi da yashi, domin gina birnin Eko Atlantic.

To, ga na gida. Akwai tafkin Rayfield a kudancin gari, akwai kuma magangarar ruwa ta Assop kan hanyar Akwanga. A yi sammako, a riƙi guzuri da rigar sanyi, a dawo kafin magariba.

Amma fa a yi hattara. Tafkin Rayfield tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika. Irin waɗannan ramuka, taku biyu daga baki sai mutum ya rufta cikin zurfi. Duwatsun Assop kuma santsi gare su, musamman da damina. Kada a saki hannun yaro, wanda bai iya iyo ba kuma ya tsaya a tudu.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.